Tukunya a Kan Gawayi, Ƙafa a Kan Dutse: Mako Guda a Imlil

Ni mutumin fili ne. A ƙasar Kano na tashi, inda idan mutum ya tsaya a bakin gona bayan girbi idonsa zai yi tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba sai kuka da ɗorawa, kuma tudun da na fi sani a rayuwata shi ne Dutsen Dala, wanda rabona da hawansa tun ina saurayi. Saboda haka lokacin da ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a birnin Fas na ƙasar Maroko, ya ce idan na zo duba shi zai kai ni wani ƙaramin gari a cikin tsaunukan Atlas mu yi mako guda muna yawo a ƙafa, na amsa masa ne irin amsar da babba yake yi wa yaro don kada ya gwale shi. Sai ga shi a wata Asabar ta watan Oktoba na 2024 mun tsinci kanmu a tashar mota a Marrakesh, shi da jakar goyo, ni da akwati mai taya wanda daga baya ya zama abin dariya, muna jiran motar Imlil ta cika.

Daga Marrakesh zuwa Imlil kimanin kilomita 65 ne, tafiyar sa'a ɗaya da rabi idan ba a tsaya ba. Motocin hayar fasinja shida suke ɗauka, kuma ba sa tashi sai sun cika, al'adar da ba ta zame mini baƙuwa ba. Da farko fili ne mai jar ƙasa da gonakin zaitun, har muka wuce Tahanawut, daga nan hanya ta shige wani kwazazzabo ta fara lanƙwasa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, direba kuwa yana ta hira kamar a tsakar gidansa yake. Mun sauka a Asni domin ranar kasuwarsu ce. A nan na fara ganin tabon girgizar ƙasar da ta auku a daren 8 ga Satumba na 2023, mai ƙarfin maki 6.8, wadda ta halaka mutane kusan 3,000, mafi yawansu a wannan lardi na Al Hauz da maƙwabtansa. Shekara guda ta wuce, amma akwai gine-gine a tsage, akwai tulin duwatsu a inda gida yake a da, akwai kuma iyalan da har lokacin suke cikin tantuna suna jiran a gama sabon gini. Duk da haka kasuwa tana ci. An ɗaure jakuna da alfadarai a gefe guda, masu aski suna aikinsu a ƙarƙashin rumfa, kuma mahauta sun rataye nama, mutum ya saya ya miƙa wa mai gashi a kusa ya gasa masa a kan garwashi da gishiri da wani ƙamshin girki da suke kira kamun. Mun ci a tsaye, sannan muka kama wata motar domin sauran kilomita 17.

Imlil yana kan tsayin kusan mita 1,800, a daidai inda wasu ƙananan kwaruruka suka haɗu. Garin kansa bai wuce titi ɗaya ba, mai shaguna da gidajen abinci da wuraren hayar sanduna da takalman hawa. Mutanen wurin, waɗanda ake kira Ait Mizan, suna zaune ne a ƙauyukan da suke maƙale a jikin tsaunuka kewaye da shi, irin su Arumd da Mzik da Tamatart. Masaukinmu yana ɗaya daga cikinsu, kuma mota ba ta kaiwa ƙofarsa. Wani dattijo ya zo da alfadari, ya dubi akwatina mai taya, ya dubi hanyar duwatsun da za mu bi, bai ce komai ba, ya cusa shi a cikin mangala. Tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a ba sai da na tsaya sau uku ina neman numfashi, ɗan ƙanwata yana cewa, "Kawu, a hankali, nan iska ba ta da kauri irin ta gida."

Mai masaukin ya tarbe mu a kan soron gidansa da shayi. Ya zuba ganyen shayi da na'ana'a da sukari a buta, ya ɗaga ta sama yana tsiyayawa a ƙananan kofuna har kumfa ta taso, ya mayar, ya sake tsiyayawa, yadda duk wanda ya taɓa zama da Buzaye a zaure ya san ana yi. Kamanninsu da Buzaye bai tsaya a shayi ba. Harshensu na gida shi ne Tashelhit, ɗaya daga cikin harsunan Amazig, ɗan'uwan harshen Buzaye, kuma da na ji ya ce wa ɗansa ya kawo "aman" sai na gane ruwa yake nufi, domin kalmar ke nan da na sha ji a bakin mutanen Azbin. Godiyarsu ma "tanmirt" ce. Allunan hanya kuwa suna ɗauke da rubutunsu na Tifinag tare da Larabci da Faransanci, domin tun a tsarin mulkin 2011 Maroko ta mayar da harshen Amazig harshen hukuma. Tare da shayin an kawo gurasa mai zafi da suke kira tafarnut, wadda ake gasawa a tanderun ƙasa, da man zaitun, da zuma, da man shanu, da wani abu mai kama da tunkuza mai ruwa-ruwa da ake kira amlu, wanda ake yi da soyayyun 'ya'yan wani itace mai suna lauz da man wani itacen mai suna argan da zuma. Na ci har na ji kunya.

Da safe, tun ƙarfe takwas ba ta yi ba, mai gidan ya tambaye mu abin da za mu ci da rana. Na ɗauka ɗan ƙanwata ne ya yi kuskuren fassara, domin ko karin kumallo ba mu gama ba. Ashe tambayar tana kan hanya. Abincin wurin shi ne tajin, kuma tajin ba ya son gaggawa. Sunan tukunyar ne ya zama sunan abincin: kasko ne na yumɓu mai faɗi, da murfi mai tsini kamar jinkar ɗaki. Na roƙi a bar ni na ga yadda ake haɗa shi. Aka shimfiɗa albasa a ƙasa da man zaitun, aka ɗora naman akuya da aka shafe da citta da kurkur da masoro da kamun, sannan aka jingina dankalin Turawa da karas da ɗanyen wake a kansa, suna haɗuwa a sama kamar an kafa bukka, aka ɗora tumatir da 'ya'yan zaitun da ɓawon lemon tsami da ya daɗe a cikin gishiri. Ruwan da aka zuba bai cika kofi ɗaya ba. Aka rufe, aka ɗora a kan ƙaramin murhun gawayi. Hikimar murfin ita ce tururi yana tashi ya taɓa tsinin da ya fi sanyi, ya koma ruwa, ya gangaro cikin abincin, don haka nama yana nuna a cikin romonsa ba tare da an yi ta buɗewa ana ƙara ruwa ba. Mai gidan ya ce mu tafi mu dawo bayan sa'a uku. Tun daga ranar na lura cewa a wannan kwari tsawon yawon safe da tsawon dahuwar tukunya abu ɗaya ne, kuma kusan duk abin da yake cikin kaskon za ka wuce shi a gona kafin ka dawo ka same shi a gabanka.

Yawon farko mai sauƙi ne. Mun bi gefen wata magudanar ruwa da suke kira targa, wadda aka tsaga a jikin tsauni tana ɗauko ruwa daga kogi can sama, tana tafe da shi kusan a miƙe yayin da kogin yake gangarawa ƙasa, har ta kai shi gonakin da ba don ita ba ba za su ga ruwa ba. Gonakin hawa-hawa ne kamar matakala, kowace an tokare ta da katangar duwatsun da aka jera da hannu, wata faɗinta bai wuce na tabarma uku ba. Ruwan kuma rabo ne, kowane gida da lokacinsa, idan lokacinka ya yi sai ka ɗauke dutse da ƙasar da suka toshe bakin gonarka, ka toshe na maƙwabcinka. Wanda ya san rigimar ban ruwa a fadamunmu zai gane cewa tsari irin wannan ba ya ɗorewa sai da dattawan da ake jin maganarsu. Na tsaya na daɗe ina kallon wani yaro da fartanya yana juya ruwa daga wannan layi zuwa wancan, kuma a ganina wannan aikin, wanda kakanni suka fara jikoki suke gyarawa duk shekara, ya fi ƙololuwar dutsen da baƙi suke zuwa nema ban mamaki.

Mun zo a lokacin kaɗar wani itace da ya cika kwarin, wanda suke kira gargaa da Larabcin Maroko. Bishiya ce babba mai inuwa kamar ta mangwaro, ɗanta yana da koren ɓawo a waje, da ƙwarya mai tauri a ciki, idan aka fasa sai a ga abin ci mai maiƙo wanda siffarsa ta yi kama da ƙwaƙwalwa. Samari suna hawa da dogayen sanduna suna kaɗowa, mata da yara suna tsincewa a ƙasa, kuma koren ɓawon yana rina hannu ya yi baƙi ƙirin, har na tuna da hannun marina a Ƙofar Mata. Bayan shi akwai gonakin tuffa, waɗanda ake tsinka a wannan lokaci ana jerawa a akwatuna domin kasuwannin birni, da itatuwan ceri da aka ce mini sai a watan Yuni suke nuna. A kan soraye an shanya masara. Gidajen tsofaffi na dutse da ƙasa ne, da rufin soro a kan itatuwa kamar azara, launinsu ɗaya da na tsaunin har mutum ba ya gane ƙauye sai ya matso. Sababbin kuwa na bulo da siminti ne, yawancinsu masaukin baƙi.

Mun biya ta wani ɗan ruwa mai zubowa daga kan dutse, inda masu sayar da lemon zaƙi suke matse shi a gabanka, sun kuma jera kwalaben abin sha a cikin ruwan da yake kwarara domin ya yi musu aikin firji. Daga nan muka hau Arumd, ƙauyen da aka gina a kan wani ƙaton tulin duwatsu. A ƙasansa akwai fili mai faɗi cike da tsakuwa da manyan duwatsu, kogi yana ratsa shi siriri kamar bai taɓa yin laifi ba. Amma a watan Agusta na 1995 ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan tsaunukan, ambaliya ta gangaro ta waɗannan kwaruruka ta tafi da mutane da motoci da gonaki, kuma har yanzu idan hadari ya haɗu a sama, mutanen wurin ba sa son ganin baƙo yana zaune a gadon kogi.

Da muka dawo aka zuba mana ruwa muka wanke hannu, aka ajiye kaskon a tsakiya, aka ɗage murfi. Ba a kawo cokali ba. Da gurasa ake ci, da hannun dama, kowa a gabansa, kuma ba a taɓa naman sai an ci kayan lambun da suka rufe shi, sannan mai gida ya yayyaga ya tura wa kowa rabonsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ladubba da sai an koya mini. Naman ya nuna har yana rabuwa da ƙashi da kansa, albasar ƙasa ta narke ta ɗan kama, kuma nan ne daɗin yake. Abu ɗaya ne bakina ya nema ya rasa, wato yaji. Girkinsu na ƙamshi ne, abin da ake ajiyewa a kan tebur gishiri ne da garin kamun. Na jure ranar farko saboda kara, amma a rana ta biyu na fito da kwalbar yajin da uwargida ta daka mini. Mai gidan ya ce, "Sidi Alhaji, mene ne wannan?" Na ba shi ya lasa, ya yi tari har hawaye suka zubo, 'ya'yansa suna ta dariya. Mahaifiyarsa kuwa, tsohuwa mai zanen shuni a haɓa, ta dangwala da gurasa, ta tauna, ta miƙo hannu a ƙara mata.

Da magariba na bi mai gidan zuwa masallacin ƙauyen, mai hasumiya mai kusurwa huɗu irin ta ƙasar Magrib. Malikawa ne kamar mu, kuma bayan an idar da salla sai wasu suka zauna a da'ira suka fara karatun hizbi da murya ɗaya, a ruwayar Warshu. Na ɗauki Alƙur'ani daga kan kanta na ga fa'un da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda na koya a allo ina yaro. Na shiga cikinsu, kuma bayan an shafa wani dattijo ya tambaye ni ko daga Sanigal nake, domin sun saba ganin masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Da na ce Najeriya, Kano, sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ranar Litinin muka ɗauki jagora da mai alfadari muka nufi yamma, zuwa wata mashiga tsakanin tsaunuka biyu da ake kira Tizi Mzik. Kalmar tizi a harshensu ita ce irin wannan wuyan dutse da hanya take ƙetarawa ta kansa. Hawan ya ci mana kusan sa'a uku, gonaki suka ƙare, aka shiga busasshen gangare mai tsofaffin itatuwa murɗaɗɗu da awaki suna kiwo a inda ban ga abin ci ba. Jagoran ya koya mini tafiyar dutse: gajeren taku, ba tsayawa, ba gaggawa, numfashi yana bin ƙafa. Ya ce baƙin da suka fi ba shi wahala su ne masu ƙarfi, domin su ne suke ƙare ƙarfinsu a sa'ar farko. A kan mashigar, mita 2,489, ɗan ƙanwata ya tuna mini cewa Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni a Najeriya, mita 2,419 ne, wato na taka wurin da ya fi ko'ina a ƙasarmu tsayi. A gabanmu kwarin Azzaden ne da jar ƙasarsa, a bayanmu Imlil ya koma kamar zanen kore a gindin ƙwarya. Mai alfadarin, wanda ya riga mu isowa da nisa, ya riga ya shimfiɗa tabarma ya kunna ɗan murhun gas. Ya soya albasa da tumatir a kaskon tajin, ya fasa ƙwai a kai, ya barbaɗa kamun, ya rufe na ɗan lokaci, muka ci da gurasa da zaitun da kifin gwangwani. Ban sani ba ko yunwa ce ko iya girki, amma ban taɓa cin ƙwai mai daɗinsa ba.

Talata na huta, ƙafafuna suna tuna mini da shekaruna. Na sauka titin Imlil na ci abincin rana a ɗaya daga cikin gidajen abincin da suka jera tukwane a bakin hanya domin masu zuwa daga Marrakesh su wuni su koma. Ba zan ce ba shi da kyau ba, amma tukunyar da aka ɗora ba a san mai cinta ba daban take da wadda aka tambaye ka tun da safe. Dankalin ya yi laushi fiye da kima, naman kaɗan ne, kuma kuɗin ya fi na masaukinmu. A wannan yini ne kuma na ga abin da yawan baƙi yake jawowa: robobin ruwa a cikin magudanun da mutane suke sha daga gare su, motoci sun cushe ɗan titin, da wasu alfadarai da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsu, ƙarfen linzami ya ji musu rauni a baki. Kuɗin baƙi ne ya gina rabin garin, wannan gaskiya ce, amma bai kamata dabbar da take ɗauke da arzikin ta zama ita ce ta fi kowa shan wuya ba.

Laraba muka kama hanyar Tubkal, tsaunin da ya fi kowane tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167, wanda yake cikin gandun da aka keɓe tun 1942. Ba a hawansa yanzu sai da jagora, dokar da aka tsaurara bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido, ɗaya daga Denmak ɗaya daga Norwe, a watan Disamba na 2018, kuma jandarmomi suna duba fasfo a hanya. Bayan kimanin sa'a biyu da rabi muka iso Sidi Shamharush, a tsayin da ya haura mita 2,300, inda wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa yake zaune a gefen kogi, da 'yan shaguna kewaye da shi. Sunan ya sa na ɗaga kai, domin duk wanda ya taɓa leƙa littattafan asiri ya ci karo da Shamharush a cikin sarakunan aljanu. Mutane suna zuwa daga nesa da marasa lafiyarsu da dabbar yanka suna neman waraka, kuma ba a barin wanda ba Musulmi ba ya ƙetare gadar da take kaiwa wurin. Jagoranmu ya ce shi bai yarda da abin ba, amma kakarsa ta yarda, kuma ba ya musu da ita. Ni dai na sha lemona na yi gaba.

Daga nan babu sauran bishiya. Dutse ne a kan dutse, hanya tana hawa a gefen kwari, alfadarai suna wuce mu ɗauke da tukwanen gas da buhunan fulawa da katan-katan na ƙwai. Da la'asar muka isa gidajen kwanan masu hawa, a mita 3,207, ginin dutse mai gadaje hawa biyu da mutane daga ƙasashe da yawa. A rubuce, Faransawa uku ne suka fara kaiwa ƙololuwar a watan Yuni na 1923, ƙarƙashin wani mai suna Markis de Segonzak, kodayake da wuya na yarda cewa makiyaya da mafarautan da suka rayu a gindinsa ɗaruruwan shekaru sai da suka jira baƙo ya nuna musu hanya. An ba mu miyar harira mai zafi, ta tumatir da wake, sannan taliya da kaza. Duk abin da ke cikin kwanon a bayan alfadari ya hau, kuma sanin haka ya hana ni barin ko loma. Ruwan alwala kuwa kamar ana yanka fata da reza.

Daren nan ban yi barci ba. Kaina yana sarawa, zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu alhali ina kwance. A irin wannan tsayi iskar da mutum yake samu a kowane numfashi kimanin kashi biyu cikin uku ce ta wadda yake samu a bakin teku, har ruwa ma yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba. Mun tashi kafin asuba da fitilu a goshi, muka fara hawa kan tsakuwar da take zamewa, taku biyu gaba, ɗaya baya. Bayan kamar sa'a ɗaya da rabi sai jiri da tashin zuciya suka haɗu da ciwon kan. Jagoran ya haska fuskata, ya yi mini tambayoyi biyu, ya ce wannan ciwon maganinsa ɗaya ne, sauka. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, mu koma tare." Na ce masa ban zo daga Kano don na hana shi abin da ya kawo shi ba. Aka haɗa shi da wata tawaga da jagoranta, ni kuma muka juyo.

Na yi sallar asuba a bakin ginin, na lulluɓa da bargo, na zauna ina kallon hasken rana yana sauka daga kan ƙololuwa zuwa cikin kwari. Mai girkin wurin ya kira ni cikin madafa domin ɗumi, ya ba ni shayin da aka sa wa wani ganye mai ɗaci da suke kira shiba, wanda suke amfani da shi a lokacin sanyi maimakon na'ana'a. Ba mu da harshe ɗaya sai guntun Larabci, amma na taya shi feraye dankali, ya nuna mini da yatsu cewa 'ya'yansa huɗu suna Arumd, yakan yi makonni bai gan su ba. Wajen hantsi ɗan ƙanwata ya dawo, leɓɓansa sun tsage, yana nuna mini hoton wani dalar ƙarfe da aka kafa a ƙololuwar. Na ji ɗan zafi a raina, ba zan ɓoye ba. Saukowa zuwa Imlil ta ci mana sauran yinin, kuma ita ce ta fi cin gwiwa, amma muna wuce Sidi Shamharush ciwon kan ya ɗauke kamar an zare ƙaya.

Juma'a ranar kuskus ce a duk faɗin Maroko. Tun da hantsi matan gidan suka zauna da babban akushi suna murza garin sha'ir da ruwa kaɗan-kaɗan a tafin hannu har ya zama tsaki, suka zuba a tukunya mai huje-huje a kan tukunyar miya, wato madambaci dai irin namu, suna saukewa su warware shi da man shanu su mayar, har sau uku. Wanda ya san burabusko ya san danginsa. Bayan an sauko daga masallaci aka kawo shi a faranti ɗaya, da kabewa da karas da wani farin tushe mai ɗan ɗaci a kai, nama a tsakiya, da kofunan nono mai tsami a gefe. Mai gidan yana dunƙula shi a hannu ɗaya ya jefa a baki ba tare da ƙwaya ta faɗi ba, ni kuwa da na gwada sai da na ɓata gaban rigata, aka kawo mini cokali. Tsohuwar ta aiko jikarta ta tambaya ko sauran jan garin nan yana nan.

Da safiyar Asabar dattijon nan ya dawo da alfadarinsa. Akwatin ya fi yadda ya zo nauyi, domin na sayi gargaa kilo uku da kwalbar amlu da ƙaramin kaskon tajin wanda uwargida ta ce kada na dawo ba shi. Kwalbar yajin kuwa na bar wa tsohuwar, ta karɓa da hannu biyu, ta ce "tanmirt", ta cusa ta cikin ɗamararta. A bayan gida an riga an hura gawayi, kuma muna fita na ji mai gidan yana tambayar wasu baƙi biyu da suka iso daren jiya abin da za su ci da rana.